ZAUREN MAIGIDA: Gajera ko Doguwa?

 Zancenmu na wannan wata na mota ne.

Wani maigida da ke zaune a Malali ya aiko mini da takarda. Ya ce shekara shida ke nan shi da uwargidansa suna tara kuɗi domin su sayi motar shiga daji, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja. Suna da 'ya'ya biyar, ga gona, ga kuma tsohuwarsa a wani ƙauye can bayan Pambeguwa, inda kwalta ba ta kai ba. An nuna masa motoci biyu na kamfani ɗaya, gajera da doguwa. Shi ransa ya kwanta da gajerar, uwargida kuwa ta ce doguwar. Yana so in raba musu gardama.

To, ɗan'uwa, kafin mu yanke, bari mu san abin da ake aunawa. In masu mota sun ce gajera ko doguwa, ba tsawon bodi suke nufi ba. Suna nufin tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar tayar baya. Wannan tazara ita ce ke yanke yawancin halin mota a hanya.

Manya daga cikinmu sun san wannan gardama tun zamanin Land Rover. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, da tazarar inci 80. Daga 1956 aka koma yin iri biyu, mai inci 88 da mai inci 109, aka ci gaba da su har 1985. Bambancinsu inci 21 ne kurum, bai kai ƙafa biyu ba, kuma yawancinsu inji ɗaya ne. Amma gajerar mutum bakwai take ɗauka, doguwar kuwa goma ko goma sha biyu. Haka abin yake ga motocin da suka biyo baya. Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, tana da gajera mai mita 2.31, da doguwa mai mita 2.98, irin wadda asibitoci ke mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya. Bas ɗin HiAce da aka fara a 2004 ma biyu ce, mita 2.57 da mita 3.11.

Me gajera ta fi? Abu na fari, tudu. In mota za ta haye kunya, ko bakin kwalbati da ruwa ya zaizaye, akwai lokacin da tayoyin gaba sun sauka, na baya ba su hau ba tukuna, ƙoƙon tudun yana daidai ƙarƙashin cikinta. Gwargwadon nisan da ke tsakanin tayoyin, gwargwadon yadda cikin zai kusanci ƙasa. Doguwa takan zauna a kan tudun kamar kaza a kan ƙwai, tayoyi suna ta juyawa a banza, ko giyar ƙarfi ba ta fid da ita. Gajera kuwa ta wuce abinta. Na biyu, juyawa. Land Rover mai inci 88 tana bukatar fili kimanin ƙafa 38 ta juyo, mai 109 sai ƙafa 45 ko fiye. Wanda ya taɓa neman wurin juyawa a Kawo ran Talata, ranar kasuwa, ya san darajar wannan. Na uku, ba ta kai doguwar nauyi ba, saboda haka in ta kafe a laka, samari kaɗan sun isa su ture ta.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Gajera tana da tsalle. A hanya mai gargada, tayar gaba ba ta gama faɗawa rami ba ta baya ta biyo, sai motar ta riƙa sukuwa kamar ɗan maraƙi. Matashi zai jure. Tsohuwa mai ciwon baya, ko mace mai juna biyu da ake gaggawar kai ta asibiti, ba za su jure ba. Kuma mara lafiya ba shi da wurin miƙewa ya kwanta a bayanta. A kan kwalta ma, in ana gudu aka taka birki a ruwa ko a tsakuwa, bayan gajera ya fi saurin juyowa gaba. Doguwa ta fi natsuwa, ta fi riƙe hanya, kuma galibi akan yi mata safirin mafi ƙarfi saboda kaya.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Babban haɗarin gajera ba daga kamfani yake zuwa ba, daga mai ita ne. Ku bakwai ne a gidanku, watau kun cika kujerun tun ba a sa ko jaka ɗaya ba. Ran da za ku tafi gida Kirsimati, ina akwatuna za su shiga? Ran dawowa, ina buhunan masara da doya da kajin da tsohuwa za ta ba jikokinta? Amsar ita ce kan rufi. Motar daji kuwa da ma an ɗaga ta sama domin ta tsere wa duwatsu. In aka ɗora mata buhu uku ko huɗu a ka, nauyinta ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi ko fashewar taya ɗaya ta isa ta kifar da ita. Na sha ganin irin wannan lodi yana fita daga Kawo ya nufi Mararrabar Jos, yara a ciki, gabana yana faɗuwa. Doguwa takan bar kaya su zauna a ciki, a ƙasa, tsakanin tayoyi, inda ya kamata.

Saboda haka ga shawarata. Ga mai iyali kamar naka, doguwa ta fi, sai dai in hanyar ƙauyenku ta hana. Uwargida tana da gaskiya, amma hanya ce za ta sa hannu. Kada kuma ka auna ta da rani. Je ka duba ta cikin Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ya gama yi mata ɓarna, domin ran da za a aiko cewa tsohuwa ba ta da lafiya, ba za a duba wata ba.

Awon ba shi da wuya. Je wurin motar da igiya, ka auna tazarar tayoyinta, ka yanka igiyar daidai. Sa'an nan ka auna daga ƙasa zuwa cikin motar a tsakiya, bayan mutane sun shiga sun zauna, ka yanko sanduna biyu masu wannan tsawo. Ɗaura igiyar a kan sandunan. In kun isa tudun da ya fi muni a hanyarku, kai ka riƙe sanda ɗaya a wannan gefe, ɗanka ya riƙe ɗaya a wancan, ku ja igiyar ta miƙe. In ta taɓa ƙoƙon tudun, motar ma za ta taɓa. In wuri ɗaya ne ko biyu, fartanya da shebur da taimakon mutanen gari sun fi sauƙi a kan sayen motar da ba ta ɗauke ku. In kuwa hanyar duka haka take, to, ɗauki gajerar, ka yi wa kanka alkawari cewa amfanin gona zai biyo wata motar dabam.

Abu biyu kuma kafin ka miƙa kuɗi. Yawancin dogayen bas da kake gani a tasha tayoyin baya kaɗai ke ja, kome tsayinsu. Ka tafi da bakaniken da ka amince da shi ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar akwai abin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, kuma yana aiki. Sa'an nan ya duba sitiyari. Tun watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma motocin da aka yi domin hanyoyin Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, akan sauya shi bayan an shigo da su. In sauyin bai yi kyau ba, bar ta, kome arharta. Ka kuma zaga Panteka ka tambayi kayan gyaranta tukuna. Motar da babu kayanta a gari, ado ce a ƙofar gida.

Kuɗin shekara shida ba abin wasa ba ne, kuma ku biyu kuka tara. Ku tafi awon nan tare, igiya ta raba gardama. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.