Kafin a ƙara wa yara wa'adin tsarewa, a fara sanin shekarunsu

Tun da aka yanke hukunci kan kisan Kasoa a Oktoban 2024 ake ta kira a gyara dokar shari'ar yara ta Gana, wato Act 653 ta 2003. Samari biyu ne suka kashe yaro ɗan shekara 10 a 2021 don neman kuɗin tsafi. Babban ya samu ɗaurin rai da rai. Ƙaramin, mai shekara 15 a lokacin, aka tura shi kotun yara, inda iyakar tsarewa shekara uku ce. Ni ma ina ganin shekara uku ta yi kaɗan ga ran ɗan Adam, majalisa ta duba wannan.

Amma yawancin yaran da ake kamawa a Nima ko Aboabo ba kisa suka yi ba. Satar waya ce, ko faɗa, ko an yi samame an haɗa da su. Doka ta ce wanda bai kai 18 ba kada a haɗa shi da manya a sel, a kai shi kotu cikin awa 48, kuma in wata shida ya wuce ba a gama shari'arsa ba, a sallame shi. Duk wannan kariya tana rataye da abu ɗaya: shekara nawa aka rubuta masa a caji ofis? Yaro mai tsayi, gemu ya fara fitowa, ba takardar haihuwa, sai a rubuta 18 a wuce wurin. Shi ke nan, maimakon gidan gyaran hali na Roman Ridge inda zai koyi sana'a, sai Nsawam tare da riƙaƙƙun ɓarayi.

Gyaran da nake nema shi ne a ɗora wa hukuma nauyin tabbatar da shekaru tun daga caji ofis. In akwai shakka, a ɗauke shi yaro ne. Kuma kada a ɗauki bayaninsa sai ga lauya ko jami'in jin daɗin jama'a a zaune, da tafinta in ba ya jin Turanci ko Twi.

Mu ma a zango akwai namu. Muna yanka rago ranar suna, mu tara jama'a, amma rajistar haihuwa, wadda kyauta ce kafin jariri ya cika shekara, sai mu ce sai an kwana biyu. Malaman da ke raɗa suna su riƙa tambayar uban jariri takardar tun a wurin.