Motocin Ratsa Daji Ma Suna Buƙatar Burtali

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa fili ba ya rasa mai haƙƙi a kansa, shi ya sa ya keɓe burtali domin shanu su wuce ba su tattake gona ba. Wannan tsari ya dace da motoci da baburan da aka ƙera domin ratsa daji da rairayi.

Hamadar Tenere a Nijar ta isa misali. A 1973 wata babbar mota ta buge bishiya tilo da ayarin gishirin Bilma ke gane hanya da ita, yanzu kututturenta yana gidan tarihi na Yamai. Doka ta kare yankin Ayar da Tenere tun 1988, amma faɗinsa ya fi ƙarfin masu gadi, mafarauci a mota kuwa yakan kori barewa har ta faɗi.

A Amurka, umarnin Shugaba Nixon na 1972 ya wajabta wa hukumomi su fayyace inda aka halatta tuƙa waɗannan ababen hawa a filayen gwamnati, da inda aka haramta. Ya kamata hukumominmu su shata musu hanya bisa shawarar makiyaya da madugai, waɗanda suka san rijiyoyi da wuraren kiwo, sannan a hukunta duk wanda ya kauce mata.