Motar Da Ta Dace Da Ƙauyukan Keffi

Duk direban da ya saki kwaltar Keffi zuwa Akwanga ya nufi ƙauyukan Kokona da damina ya san azabar taɓo. A nan jif mai kama ƙafa huɗu da kanta take da rana. Bisa kwalta ƙafa biyu ke jan ta, mai ya yi auki, abin da ba a rainawa tun janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Da zarar taya ta yi santsi, na'ura za ta raba ƙarfin inji ga sauran, ba sai direba ya tsaya sa giya ba.

Lalle ƙananan hukumomi su fifita irinta wajen sayen motocin asibiti, domin mai naƙuda ba ta jiran a turo mota daga laka.