Gida Biyu Maganin Gobara

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Waɗanda suka fara wannan magana dabarar zaman duniya suke koyarwa, wato kada mutum ya tara duk abin da ya mallaka a ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma in aka dubi abin da addinin Kirista ya koyar game da gida, da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan dacewa da shi. Mai bin Almasihu mutum ne mai gida biyu. Na farko shi ne wanda aka haife shi a ciki, aka binne cibiyarsa a bayan ɗaki. Na biyu kuwa shi ne madawwamin gida, wanda yake begen shiga bayan tashin matattu. Ra'ayina shi ne, wanda ya riƙe begen gida na biyu da gaske, shi ya fi kowa sanin yadda ake riƙon na farko. A matsayina na Kirista nake magana, amma na tabbata 'yan'uwanmu Musulmi, da yake su ma sun yi imani da lahira, zancen ba zai zame musu baƙo ba.

Bari mu fara da gidan da muka sani. Babu ɗayanmu da ya zaɓi inda za a haife shi, babu kuma wanda ya biya ko anini kafin a buɗe masa ƙofa. Mun tarar da wuta a murhu, ruwa a randa, hatsi a rumbu, alhali ba mu ɗebo itace ba, ba mu je rafi ba, ba mu riƙe fartanya ba. Tun kafin malamin firamare ya koya mana baƙi da wasali, a tsakar gida muka koyi gaisuwa, muka koyi cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu, baƙo kuma ba ya kwana da yunwa. Da yawa daga cikinmu akuyar uwa ko buhun gyaɗar uba aka kai kasuwa aka biya musu kuɗin makaranta. Wani kuma, wansa ne ya haƙura da karatu ya zauna a gandu domin shi ya ci gaba. Duk wannan kyauta ce tsantsa, abin da Kirista ke kira alheri, wato samun abin da ba guminka ya ba ka ba. Yaba kyauta kuwa tukwici.

To, ina tukwicin? Abin baƙin ciki, ilimin da gida ya saya mana shi ne yakan fara raba mu da gida. Akwai ɗalibin da in an yi hutu sai ya laɓe a birni wajen abokai, don kada a bi shi a ga gidansu na ƙasa ne. Akwai wanda in mahaifiyarsa ta zo dubansa da ƙunshin daddawa da kuka, sai ya tare ta tun daga bakin ƙofar makaranta ya sallame ta, kada 'yan ɗakinsu su ji irin Hausarta ko yarenta. Akwai ma'aikacin da ƙauyensu ba ya ganinsa sai ranar jana'iza, ko kuwa in zaɓe ya ƙarato yana neman ƙuri'a. Wani yana tura kuɗi ta waya ƙarshen wata, ya ɗauka ya sauke nauyi, ya manta zumunta a ƙafa take. Tsohuwar da ta goye shi fuskarsa take so ta gani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi; ranar da aiki ya ƙare, aka karɓe mabuɗin gidan gwamnati, a ran nan irin wannan mutum zai gane ya zama baƙo a birni, baƙo a mahaifarsa.

Sai dai kuma, gidan nan da nake kira a gode masa ba dawwamamme ba ne. Tarihin Kiristocin ƙasar Hausa kansa ya isa shaida. A ƙarni na 19 an yi wasu mutane da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim, waɗanda suka ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Bayan an kashe malaminsu a Kano sai suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu ƙauyukan Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo Zariya wurin Likita Mila, wato Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, suka karɓi addinin Kirista. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gini, suka share gonaki, suna murna yawo ya ƙare. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da dama, sauran suka tashi. Da mishan ya bar cikin birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929, nan ne jama'ar ta sami mazauni. Dubi yawan ƙaurar da mutanen nan suka sha kafin su sami inda za su kira gida.

Ko mulki ma ba ya tsare wa mutum gida. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ɗin nan, yana Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ran 29 ga Yuli 1975 aka hamɓare gwamnatinsa. Mutumin da ya shugabanci Nijeriya shekara 9 ya wayi gari ba shi da hanyar komawa fadarsa, ya wuce Ingila ya zama ɗalibi a Jami'ar Warwick, bai dawo ƙasarsa ba sai 1983. Na talakawa kuwa ya fi wannan muni. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabas, Musulmi da Kirista. Dubbai suka tsallaka Kamaru suka zauna a sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013. A watan Oktoba na 2014 mahara suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, kusa da Mubi, har shugabanninta suka yi zaman wucin gadi a Jos. Manomin da kakanninsa suka share gonar da yake nomawa ya koma bin layi da kwano a hannu. Wannan ita ce gobarar, ba kuwa a tatsuniya muka ji ta ba.

A nan ne maganar gida na biyu take shigowa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɓoye wa mai bi cewa shi baƙo ne a duniya ba. Ibrahim ya bar garinsu Ur bisa kiran Allah, ya ƙare kwanakinsa cikin alfarwa a ƙasar Kan'ana. Filin da ya mallaka da kuɗinsa a ƙasar da aka yi masa alkawari shi ne wanda ke da kogon Makfela, inda ya binne matarsa Saratu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta bayyana cewa abin da ya ba shi wannan haƙuri shi ne sa zuciya ga wani birni wanda Allah da kansa ya tsara ya kuma gina. Yesu Almasihu ma, a komin dabbobi aka kwantar da shi yana jariri, aka gudu da shi Masar don tsoron Sarki Hirudus, da ya mutu kuma a kabarin wani aka sa shi. Amma a daren da za a bashe shi, da ya ga hankalin almajiransa ya tashi, da zancen gida ya kwantar musu da shi: ya yi musu alkawarin masauki a gidan Ubansa, da cewa zai komo ya ɗauke su su zauna tare. Littafin ƙarshe, wato Wahayi, ya kwatanta wannan gida da birni, inda Allah zai zauna tare da mutane daga kowace kabila da kowane harshe, mutuwa da makoki kuma sun ƙare. A lura, birni aka ce, wurin maƙwabtaka da cuɗanya. Abin da ya sa gidanmu na nan yake da daɗi, wato a san ka, a kira sunanka, a yi marhabin da kai, shi ne Kirista ke begen samu a can cikakke, inda wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya haurawa.

Na san abin da wasu abokanmu masu ra'ayin gurguzu za su ce, domin zance ne da aka daɗe ana tafka shi a jami'o'inmu. Za su ce, bisa koyarwar Karl Marx, begen lahira maganin barci ne da ake ɗirka wa talaka don ya haƙura da zalunci, ya bar wa masu ƙarfi duniya su ci. Ban raina wannan suka ba. Lalle akwai masu wa'azin da suke gaya wa matalauci ya jira ladansa a sama, alhali su nasu ladan a nan suke karɓa, a cikin kwanon baiko. Akwai kuma ragon da ke fakewa da cewa duniya ba wurin zama ba ce, don kada a ce ya fito gayya. Amma laifin masu ɓata koyarwa ne wannan. Kimanin shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, da aka kwashe Yahudawa zuwa bauta a Babila, Annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa. Mutanen nan suna begen komawa Urushalima, duk da haka umarnin da ya ba su shi ne su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, har su yi masa addu'a. Baƙunci bai ɗauke musu aiki ba.

Mu kuma dubi abin da masu wannan bege suka aikata a ƙasarmu. Jama'ar Wusasa, da suka sami wuri, sun gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa, suka riƙe makaranta da asibiti waɗanda Musulmi da Kirista suka amfana da su. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ba ta mutu da harin 2014 ba. Mutanenta sun koma Kwarhi, sun gyara abin da aka lalata, sun yi bikin cika shekara 100 a 2023. Da begen nan maganin barci ne, ai da har yanzu suna kwance. Abin da ke karya mutum bayan gobara shi ne ganin cewa kome nasa ya ƙone. Wanda ya tabbata yana da gidan da wuta ba ta kai gare shi ba, shi ne ke da ƙarfin halin share toka ya sake kwaɓa ƙasa, shi ne kuma ya fi samun ikon danne zuciyarsa daga ramuwar gayya.

Begen nan yana da wani amfani da ya shafe mu musamman, mu da za mu riƙe ofisoshin ƙasar nan gobe. Me ke sa ma'aikaci ya ci amanar baitulmali, ya gina gida a Kaduna, wani a Abuja, wani a ƙasar waje, alhali a ɗaki ɗaya zai kwana? Tsoro ne da mantuwa: tsoron kada gobe ta same shi ba mafaka, da manta cewa duniya rumfar kara ce. Ya ji karin maganar gida biyu, amma ya gina dukansu a unguwar da gobara ɗaya za ta cinye. Kuɗin da ya yi ginin da su kuwa na rijiyar wani ƙauye ne, ko na rufin wata makaranta, wato ya rushe gidajen mutane da yawa don ya tsai da nasa. Wanda ya san baƙo raɓa ne ba ya yi wa masauki irin wannan riƙo. Yana share shi, yana yaɓe shi kafin damina, yana gode wa Mai shi, amma ba ya sayar da mutuncinsa don ya ƙara masa hawa.

Saboda haka ina kira gare mu da abubuwa uku. Na farko, hutun nan mai zuwa kowa ya je gida, ya zauna a tabarma tare da tsofaffi, ya ci tuwo a akushi ɗaya da ƙannensa, ya kuma buɗe baki ya ce na gode tun masu jin godiyar suna da rai. Na biyu, ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa, waɗanda yawancin ƙarfinsu kan ƙare a liyafar ƙarshen shekara, su ware wani abu domin garin da suke ɗauke da sunansa, ko da koyar da yara ne a lokacin hutu. Na uku, mu tuna da waɗanda ba su da gidan da za su je. A cikinmu akwai ɗaliban da garuruwansu suka zama kufai. Wanda yake da inda za shi, ya tafi da ɗaya daga cikinsu, kada ya tambaye shi addininsa ko kabilarsa. Kirista ya yi imani cewa shi kansa baƙo ne da aka yi wa alkawarin masauki kyauta, don haka bai kamata a same shi da rufe ƙofa ba.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya mai da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya kuma sa mu gama da duniya lafiya. Amin.