Wa Ya Aike Ku Karɓo Ambulan da Sunanmu?

Na san wannan rubutu zai ɓata wa wasu rai, har da waɗanda muke tsayawa sahu ɗaya da su. Su yi haƙuri. Na daɗe ina riƙe da maganar nan a ciki, har ta fara yi mini ciwo.

Bara wani ɗalibi Bayarabe ya zo shagona da takardar tambayoyi. Yaro mai ladabi, har da durƙusawa. Ya tambaye ni yaushe muka zo Agege, yaya zamanmu da maƙwabta, wane hali samarinmu suka shiga bayan hana acaɓa. Na ba shi kusan awa biyu, ciniki yana wuce ni. Bayan wasu watanni sai ya bugo mini waya, ya ce malamansa za su yi taron ƙara wa juna sani a kan binciken, kuma an gayyaci al'ummar Hausawa. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba. Ranar na rufe shago, na ɗauki ɗana ya zama tafinta, don Turancina bai wuce na cinikin kasuwa ba.

Da muka shiga zaure sai na tarar an ware mana layi biyu a gaba, an manna takarda a jikin kujerun. Mutum nawa ne a kai? Ba su cika hannu biyu ba. Kuma duk na san su. Su ne dai fuskokin da kuke gani a kowane hoto in an ce "shugabannin Arewa mazauna Legas": babbar riga ta sha guga, hula ta karkace. Suka sa hannu a rajista, aka miƙa musu ambulan ɗin kuɗin mota, aka yi hoto. Da aka raba shinkafa a roba, sai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai za su yi salla. Ni liman ne, ko da na wucin gadi, na kuma duba agogo: ko azahar ba ta yi ba. Wanda ya rage, barci ya kwashe shi har da minshari.

To bayan fitarsu ne aka shiga maganar da ta kai mu. Wani mai jawabi ya ce yawancin Hausawan Agege baƙi ne da rikicin Boko Haram ya koro, ba su da gida ba su da jari a nan, saboda haka ba su damu da dokar gari ba. Ɗana yana raɗa mini a kunne, jikina yana rawa. A gefe ga wani da aka gabatar a matsayin wakilin gwamnati, yana ta rubutawa. Na ɗaga hannu na miƙe. Na ce kakana goro ya kawo shi Agege, a nan aka binne shi, a nan aka haifi mahaifina. Na ce jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan tun 1901, ya isa Kano a 1911, kuma a kan wannan layin iyayenmu suka riƙa loda huhun goro zuwa Arewa suna sauke shanu. Na ce in yana son ganin jarinmu ya je mayankar Oko-Oba da asuba. Allah ya sani, mutumin bai yi girman kai ba. Ya karɓa, ya ce zai gyara. Amma da ban je ba fa? Da maganar ta shiga takarda haka nan, ga hoton "wakilanmu" a bango yana shaida cewa da mu aka yi.

Wannan shi ne abin da nake so mu gane. Zaman da ake yi a waɗannan zaurukan ba hira ba ce. Malaman da ke magana a can, su ne ake sakawa a kwamitocin gwamnati, su ne 'yan jarida ke nema in an yi rikici. Abin da aka faɗa a zaure yau, gobe shi ne hujja. An hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, aka sake tsanantawa ranar 1 ga Yuni 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu. A watan Mayun 2022 aka ba 'yan'uwanmu na Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi. Ban ce farfesoshi ne suka yanke hukuncin ba. Na ce kafin a yanke irin wannan hukunci an daɗe ana tattauna mu, mu kuwa sai abu ya faɗo mana a ka mu fara neman lauya da ɗan jarida. Alaba Rago ɗin nan maƙwabciyar jami'ar LASU ce a Ojo. Babban zauren jami'ar sunan Buba Marwa ke jikinsa, ɗan Arewa da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, wanda har yau muke kiran keke da sunansa. Mun san keken, ba mu san zauren ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jinsu a majalisa.

Wani zai ce wannan harkar 'yan boko ce, ina ruwan ɗan Islamiyya. Ni ma ɗan Islamiyya ne. Ba a taɓa karantar da ni cewa sauraron mai ilmi ya haramta don ya sa kwat ba. Ga Markaz a unguwarmu, wanda Shehu Adamu al-Iluri ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da shi Agege. Ɗalibansa nawa ne suka wuce jami'a, suna tsayawa a irin waɗannan zauruka suna kare Musulunci da hujja? Su Yarabawa ba su ce boko ne ba. Mu ne muka zaɓi benci.

Wani zai ce Turanci. Gaskiya ne, kuma a nan jami'o'in ma suna da laifi. Za a zo Zango a yi mana tambaya da Hausa ta bakin tafinta, amma ranar bayar da sakamako sai a koma Turanci mai ƙashi, ba wanda ya tuna da tafinta. Gayyata kuma kullum ta hannun mutum ukun nan take biyowa, don su ke da kati mai tambari. Duk na yarda. Amma 'ya'yanmu nawa suka gama sakandare suna zaune suna latsa waya? Ɗauki ɗaya ya zauna kusa da kai. Haka na yi, kuma yaron ya dawo yana tambayata yadda ake neman gurbin karatu, abin da na yi shekara biyu ina fama da shi a kai.

Wani kuma zai ce ciniki. Mu da muke rufe shago kwana uku mu bi ɗan siyasa kamfe don shadda yadi biyar?

Laccar da sabon farfesa ke yi ta kama kujera, a UNILAG da ke Akoka ko a LASU, ta kowa ce, ba a biyan ko sisi, ba a tambayarka takardar makaranta a ƙofa. Akan yi magana a kan ruwan sha, hawan jini, dokar filaye, zirga-zirgar motoci. Wanne ne bai shafe mu ba? Ba duka za ka fahimta ba, wata laccar ma za ta gundure ka, ni ma ta taɓa gundurata. Amma ka ji da kunnenka.

Ku kuma masu karɓar ambulan, ban ce kuɗin mota haramun ne ba. In an ba ka don ka zauna ka saurara ka yi magana a madadin jama'a, ka karɓa ka sulale, to ka duba abin da ka ci. Amana ce ka ɗauka, kuma ba mu muka ɗora maka ba. In ba za ka iya zama ba, ka miƙa takardar gayyatar ga mahaucin Oko-Oba ko ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur, su suka san inda takalmin ke matsa su.

Na roƙi ɗalibin nan ya riƙa turo mini sanarwar duk laccar da ta shafe mu, ya kuma amsa. In ta zo zan faɗa bayan sallar isha'i a masallacinmu, ba zan ajiye a aljihu ba. Mai zuwa mu haɗu ƙarƙashin gadar Pen Cinema mu hau mota tare, kowa ya biya kuɗin motarsa da kansa.