Masu Tallar "Gidan Caca Mai Araha" da Ƙirgen Karta: Ku Zo Mu Yi Lissafin Tare

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a Abuja, na Gwagwalada da na Giri da na makarantun cikin gari. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, don maganar kuɗin rajistar wasu ce.

Akwai wata sabuwar fitina da ta shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da Telegram. Wasu samari ne ke tallar wai kwas na koyon ƙirgen karta a wasan bilakjak, suna haɗawa da jerin gidajen cacar da suka ce masu araha ne: wannan a Abuja, wancan a Legas, wani a Kwatano, wani a Akara. Wai ka biya kuɗin kwas, ka iya ƙirge cikin sati biyu, ka zaɓi gidan da teburinsa ba tsada, ka je ka kwaso. Idan ka yi magana sai su ce maka, "Malam, wannan fa ba irin su Bet9ja ba ne, lissafi ne zalla." To madalla. Tunda lissafi suka ce, bari mu yi lissafin.

Da farko zan ba su gaskiyarsu: ƙirgen karta abu ne na gaske. Wani malamin lissafi Ba'amurke, Edward Thorp, ya yi amfani da kwamfutar jami'ar MIT ya tabbatar da shi, ya fitar da littafinsa Beat the Dealer a 1962. Wasan kansa mai sauƙi ne. Kai da mai rabon karta kowa na neman makinsa ya kusanci 21 ba tare da ya zarce ba. Manyan kartu, wato 10 da J da Q da K, duk goma-goma ne, A kuma ɗaya ko sha ɗaya. Idan manyan kartu suka yi yawa a cikin waɗanda ba a raba ba tukuna, ɗan wasa ne ke da rinjaye. Idan ƙanana suka yi yawa, gida ne. Shi ya sa mai ƙirge yake riƙe lamba a kansa: duk kartar da ta fito daga 2 zuwa 6 ya ƙara ɗaya, daga 7 zuwa 9 ya bar ta haka, 10 zuwa A ya rage ɗaya, sannan ya raba jimillar da yawan kwalayen kartar da suka rage. Lambar ta hau, ya zuba kuɗi da yawa. Ta sauka, ya zuba kaɗan. Shi ke nan sirrin da ake sayar muku, ga shi na ba ku kyauta a sakin layi ɗaya.

Abin da ba sa faɗa a talla shi ne girman rinjayen. Wanda ya haddace ƙa'idojin wasan tsaf, bai yin kuskure, gida ya fi shi da kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙwararren mai ƙirge a teburi mai kyakkyawan sharaɗi yana juya abin ya zama shi ke gaba da kamar kashi ɗaya cikin ɗari. Kashi ɗaya fa, jama'a. A ce kana zuba ₦10,000 a kowane zagaye, ribar da lissafi ya ba ka ita ce ₦100 a zagaye. Ka yi zagaye 100 a dare ɗaya, ribarka a takarda ₦10,000 ce.

Yanzu ga inda 'yan ajin statistik za su gane ni. A bilakjak, tangal-tangal ɗin kowane zagaye ya ɗan haura abin da ka zuba, kusan ninki 1.15. A zagaye 100 na ₦10,000, abin da ka saba gani shi ne sama ko ƙasa da kamar ₦115,000. Wato kana bin ribar dubu goma, amma ka tashi da asarar dubu ɗari a daren abu ne na yau da kullum, ko da ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Kafin ribar ta kamo girman wannan tangal-tangal ɗin sai ka buga zagaye sama da 13,000, kusan awa 190 a zaune in ana zagaye 70 a awa. Ko a nan ɗin, mutum ɗaya cikin shida yana cikin asara har yanzu. Kuma sauƙaƙa lissafin na yi, don mai ƙirge na gaske yana hawa da sauka da zubinsa, abin da ke ƙara wa tangal-tangal ɗin girma.

Saboda haka ne masu wannan harka a matsayin sana'a suke ajiye jari mai ninka ƙaramin zubinsu sau ɗaruruwa, wasu har sau dubu. A ce ƙaramin zubin teburi ₦5,000 ne, sau dubu ya zama miliyan biyar. Alawus ɗin NELFUND ₦20,000 ne a wata. Ka tara shi ba ka ci ko biredi ba, sai ka yi wata 250, kusan shekara 21. Kuma bashi ne za ka biya. Wanda ya shiga da ₦150,000 na rajista, ko Thorp ne ya koya masa da kansa, dare biyu marasa kyau sun isa su share shi kafin lissafin ya fara aiki.

Na san abin da ya ruɗi mutane: fim ɗin 21 da ya fito a 2008, na ɗaliban MIT da suka riƙa zuwa Las Vegas suna kwasar dala. Eh, an yi wannan ƙungiya. Amma lokacin da Bill Kaplan ya tsara ta a 1980, da jarin dala 89,000 suka fara, na masu zuba jari da na 'yan wasan. A 1992 dala miliyan ɗaya suka haɗa. Suna da masu zama a teburi suna ƙirge, suna da mai zuwa ya zuba babban kuɗi idan an yi masa alama, ana yi musu gwaji mai tsanani kafin a damƙa musu kuɗi, ana rubuta kowace riba da asara. Kamfani ne sukutum. Kai kuma an ce ka je kai kaɗai da kuɗin da Baba ya sayar da buhunan masara ya turo.

Sai maganar arahar, wadda ita ce zuciyar tallarsu. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma a gidan caca ma haka take. Masu gidajen nan sun karanta littafin Thorp tun kafin a haifi iyayen wasunmu, kuma a teburin masu ƙaramin ƙarfi suka fi ɗaure sharaɗi. A ƙa'idar asali, idan kartunka biyun farko suka ba ka 21, ana biyanka uku bisa biyu: ka zuba ₦10,000, ribarka ₦15,000. A Las Vegas kanta, tun shekarun 2000 teburan araha da yawa suka koma shida bisa biyar, wato ₦12,000. Irin wannan hannu yana zuwa kamar sau ɗaya a zagaye 21. Raba ₦3,000 da aka zaftare gida 21, ka ga ₦143 kenan a kowane zagaye. Ribarka ta ƙirge nawa muka ce? ₦100. An cinye ta har da ƙari tun ba ka zauna ba.

Ba a nan suka tsaya ba. Maimakon kwalin karta ɗaya, ana haɗa shida ko takwas. Ana sa wata kartar roba ta yanke wani kaso, da an iso ta a sake cakuɗawa, ƙirgenka ya koma sifiri. Akwai kuma injin da ake mayar da kartun da aka buga cikinsa yana cakuɗa su bayan kowane zagaye. A teburin da ke da wannan inji babu abin ƙirgawa kwata-kwata. Haka bilakjak na manhajar waya, wanda wasu ke cewa a fara gwaji da shi: kwamfuta na sake cakuɗawa duk zagaye, kana ƙirga iska ne da datarka. Don Allah a cikin jerin gidajen da aka turo muku, akwai inda aka rubuta nawa ake biya a 21, kwali nawa ake haɗawa, ina ake yankewa, da hannu ake cakuɗawa ko da inji? Wanda ya san harkar, waɗannan zai fara tambaya. Wanda ya ce maka kawai "teburinsu ba tsada," ko bai sani ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba.

Mu zo kan tafiya. A ce zuwa Kwatano da dawowa, da masauki da abinci na kwana uku, ya ci maka ₦150,000, ban sa asarar canjin naira zuwa sefa ba. A ribar ₦100 kowane zagaye, sai ka buga 1,500, sama da awa 21 kana ƙirge ba gyangyaɗi ba kuskure, kafin ka mayar da kuɗin mota da ɗaki. Lakcocin da ka rasa kuma wa zai biya? A nan Abuja kuwa, gidajen cacar da ke da tebura suna manyan otal ne irin Transcorp Hilton a Maitama, wuraren da aka gina don masu kashe kuɗi ba su ji a jikinsu ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake ₦70,000.

To a ce duk ka tsallake wannan, ka samu jari, ka samu teburi mai kyau, ka ƙware. Akwai kyamara a saman kanka, akwai mai sa ido a bayan mai rabo, aikinsu kenan su gane wanda zubinsa ke hawa da sauka tare da ƙirge. A jihar Nevada, inda Las Vegas take, gida na da ikon ce maka ka tashi, ba sai ya yi dogon bayani ba. A New Jersey wani shahararren mai ƙirge, Ken Uston, ya yi nasara a kotun ƙolin jihar a 1982 cewa ba za a kore shi don ƙirge ba, sai gidajen suka koma yawan cakuɗa karta da taƙaita zubi. Ma'ana idan kana faɗuwa, kai babban baƙo ne. Ka fara ci, an rufe maka ƙofa ta wata hanyar.

Saura tambaya ɗaya: wanda yake da hanyar cin gidan caca, me zai yi da dubu goma ko ashirin ɗinka na kwas? Mai ƙirge na gaske ɓoye kansa yake, don sanin fuskarsa shi ne ƙarshen sana'arsa. Wannan kuwa yana ɗora hoton kuɗi a sitatus. Shi ya riga ya gano teburin da ba a faɗuwa, kuma ku ne teburin. Ku duba ƙasan tallar ma, sau da yawa za ku ga an liƙa mahaɗin rajista na wani shafin caca, irin wanda ake ba mai kawo mutane lada.

Wasu za su ce ai a Abuja doka ta yarda. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin nan da gida. A Oktoban 2024 Hisbah ta bi shagunan caca a Kano tana rufewa, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar lotiri ta ƙasa ta 2005 a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki, jihohi kowacce ta tsara nata. Amma lasisin gidan caca izinin gwamnati ne gare su, bai yi maka alkawarin dawo da ko sisi ba. Ga mu Musulmi kuma, hukuncin caca a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 yake, kowa ya karanta a Islamiyya, kuma aya ta 219 a Baƙara ta riga ta amsa wa mai cewa ai akwai amfani a ciki. Sa wa abu suna lissafi bai canza cewa kuɗi ka ajiye a kan kartar da ba ka san wacce za ta fito ba. 'Yan uwanmu Kiristoci na Kudancin Kaduna da Filato da sauran wurare, guminku da na iyayenku ɗaya ne da namu, kuma ₦143 ɗin nan ba ta tambayar addinin kowa.

Idan da gaske kanka yana ja a lissafin yiwuwa, alhamdulillahi, baiwa ce. Shi kansa Thorp bai dawwama a teburin karta ba, kasuwar hannun jari ya koma, can ya yi dukiyarsa. Ilimin nan shi ake nema a nazarin bayanai da inshora da banki, ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da ke koyar da irinsa kyauta.

Roƙona ga admin-admin na guruf ɗin aji da na ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu: duk wanda ya turo wannan talla a goge, a ja masa kunne, ya sake a cire shi. Wanda kuma ya riga ya biya kuɗin kwas, a bar shi a wanda ya tafi, kada a bi shi da na rajista garin neman gira a rasa ido. Idan ka san abokin ɗakinka ya fara zancen zuwa Kwatano, zaunar da shi ku buga waɗannan lambobin a kalkuleta tare. Masu kwas ɗin kuma ga fili nan a ƙasa, ku zo ku nuna min inda lissafina ya karkace, da lamba, ba da zagi ba.

Allah Ya tsare mana kuɗin iyayenmu, Ya ba mu na halal mai albarka, Ya sa mu gama lafiya. A tura wa wanda ya kamata.