Hular Kwano Da Bel: A Fara Daga Tasha, Ba Daga Bakin Titi Ba

Ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2009 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda jama'a suka fi sani da 'yan rod sefti, ta soma tilasta wa duk mai hawa babur, da shi da wanda ya goya, su sa hular kwano. Shekara shida kafin nan, watau a farkon 2003, ta riga ta soma kama direbobin da ba su ɗaura bel ba. Saboda haka masu gardama a kan ko ya kamata gwamnati ta kafa irin wannan doka sun makara, domin doka tana nan a rubuce. Abin tambaya shi ne, me ya sa wanda ya tsaya a bakin hanyar Jalingo zuwa Zing ko Mutum Biyu ranar kasuwa zai gaji da ƙirga babura kafin ya ga kai ɗaya da hula?

Mai karatu zai tuna yadda aka kwashe a 2009. A Kano har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa a ka, suka ɗaure da igiya, labari ya kai ƙasashen waje ana ta dariya. Amma kukan nasu ba duka ne abin dariya ba. Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabo da aka ce dole ne. Fasinjoji suka ƙi sa hular da kowa ya sa, wasu don ƙyamar gumi da cutar fata, wasu don tsoron sammu. Mai rawani da mai ɗankwali kuma ba wanda ya gaya musu yadda za su yi. Aka yi kame na ɗan lokaci, aka karɓi tara, aka karɓi na goro, daga nan magana ta bi ruwa.

Jalingo tana da nata darasi. A ƙarshen watan Afrilu na 2012 aka kai harin bam a kan ayarin kwamishinan 'yan sandan Jihar Taraba a cikin garin, aka yi asarar rayuka. Bayan hare-haren wannan shekara gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin gari, Keke Napep ya maye gurbinsa. Kano ma haka ta yi a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Ashe idan maganar tsaro ce, gwamnati tana iya kawar da babura daga tituna cikin 'yan kwanaki. To, amma babur bai bar Taraba ba. Ya koma Sunkani da Iware da Lau da Pantisawa, inda shi ne motar manomi, shi ne motar mai naƙuda, inda hanya ta fi lalacewa, asibiti kuma ya fi nisa. Wanda kansa ya bugu da ƙasa a can, kafin a kawo shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo sau da yawa mai aukuwa ta riga ta auku. Wasu samarin da aka raba da sana'arsu kuwa sai suka nufi Kurmi, suna cikin masu karanta wannan shafi a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal.

Akwai mai cewa kansa nasa ne, in ya ga dama ya fasa abinsa, ina ruwan hukuma? Wannan magana ba ta dace da bakin ɗan ci-rani ba. Mutumin da ake jiran saƙonsa a gida duk ƙarshen wata, wanda kuɗin taki da na makarantar ƙanne da cefanen tsohuwa ke wuyansa, kansa ba nasa ne shi kaɗai ba. Ranar da ya faɗi, 'yan'uwa ne za su bi zango da faranti ana karo-karo, a je gun Sarkin Hausawa, a ɗauki shatar mota zuwa Arewa. In ajali ya yi, an yi rashi. In kuwa ya tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa, ba ya gane matarsa, ba ya iya riƙe cokali, to gidan ya shiga jinyar da ba ta da rana. Masu cewa kowa da kwanansa sun faɗi gaskiya, sai dai ba a taɓa jin malamin da ya ce tawakkali ya hana mutum ɗaure dabbarsa ko kulle ƙofarsa da dare ba.

Binciken likitoci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi, ya nuna cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kamar kashi 40 cikin ɗari, ta rage na raunin kai da kamar kashi 70. Bel kuma yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ta wajabta hula tun 1961, ta wajabta bel a 1970. A Amurka, da majalisa ta sassauta a 1976, jihohi da dama suka soke dokar hula, mace-macen masu babur suka ƙaru. Ingila ta wajabta hula a 1973, amma a 1976 ta yafe wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani, watau ko can ma an zauna an saurari kukan jama'a, doka ba ta rushe ba.

Lalle ya kamata a tilasta. Kuskuren yana wajen da ake tilastawar. Alal misali, a dubi ƙaramar motar haya da ke lodi daga Jalingo zuwa Wukari. An saba a cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Kujerar mutum ɗaya ce, bel ɗinta ɗaya ne, to wa zai ɗaura a cikinsu? Direba kuma ya iya dabararsa: da ya hango 'yan rod sefti sai ya jawo bel ya ratsa a ƙirji, da ya wuce ya sake shi. Wannan mota ba daga sama ta faɗo ba. A gaban 'yan kamasho aka yi mata lodi, ƙungiyar direbobi ta karɓi kuɗinta, ta ba ta izinin tashi. A nan ya kamata doka ta tsaya, a ƙofar tasha, kada motar da aka yi wa lodin biyu a gaba ko wadda bel ɗinta ya tsinke ta fita, in kuma ta fita a ci ƙungiya tara, ba direba kaɗai ba. Gaskiya ne kuɗin mota zai ƙaru, domin kuɗin fasinjan da aka rage a kan sauran zai faɗa. Duk wanda ya ɓoye wa talaka wannan ya yaudare shi, kuma aikin gwamnati ne ta rage yawan kuɗaɗen da ake tatsar direbobi a hanya domin ƙarin ya zo da sauƙi.

Haka kuma batun babur. Yawancin yaran da ke acaɓa ba su ne masu mashin ba, balas suke kaiwa kullum. Mai mashin da ya iya sayen babur ya iya sayen hula biyu, shi ya kamata doka ta fara tambaya. Dila kuma kada ya sayar da sabon babur sai da hula a cikin kuɗinsa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta hana shigo da na roba marasa ƙwari, da hular magina da ake sawa don rufe bakin ɗan sanda, a kuma sauƙaƙa harajin kwastan a kan masu kyau, irin masu kafar shan iska, domin duk wanda ya san zafin Jalingo a watan Maris ba zai zargi mai tsoron rufe kansa ba. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kowane ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, kuma ba attajirai ne ba. Abin da ya shafi tasha da rajistar masu acaɓa, Majalisar Dokokin Taraba tana iya soma shi ba tare da jiran Abuja ba.

Su kuwa 'yan Arewa da ke okada a Kurmi, lokaci ba ya gefensu. Dokar hanya ta Jihar Ikko ta 2012 ta hana su hanyoyi 475, aka ƙara matsawa a 2020, sa'an nan daga 1 ga watan Yuni na 2022 aka hana sana'ar ƙwata-ƙwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Kowane karo yawan haɗurra yana cikin hujjojin da hukuma ke bayarwa. Shugabannin 'yan okada a wuraren da har yanzu aka bar su, su suke yankan tikiti kowace safiya, suna da ikon hana shi ga duk wanda ya zo layi ba hula.